A Ina Yaran Jabi Za Su Yi Gudu?

Duk wanda ya san Jabi a ƙarshen shekarun 1990 ya san unguwa ce da fili ya fi gini yawa. An yanka fulotai, an kafa duwatsun shaida, amma masu su ba su iso ba tukuna. Wasu suna Legas, wasu suna jiran kuɗi, wasu kuwa sun saya ne su ajiye. Tsakanin wannan kango da wancan sai ka tarar da gonar masara ta wani manomi Gbagyi, gaba kaɗan kuma fili fetal wanda ƙafafun yara suka murje ciyawarsa har jar ƙasa ta bayyana. Duwatsu biyu a nan, biyu a can, an sami raga ke nan. Daga la'asar har kiran magariba ba ka jin komai sai ihu da ƙarar ƙwallo, 'ya'yan Hausawa da Gbagyi da Ibo da Tibi da Yarbawa a cakuɗe, ana rigima ana shiryawa cikin Hausa da Turancin buroka. A wannan lokacin aiki ya kawo ni Abuja, kuma ta gefen waɗannan filaye nake bi in koma masauki.

Babu hukumar da ta ware wa yaran filayen nan. Na aro ne, kuma kowa ya san masu su za su zo. An kafa Abuja da doka a 1976, gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba 1991, aka fara cika Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, sannan gini ya gangaro kashi na biyu na birnin, inda Jabi da Utako suke. Tafkin Jabi ma da ake taƙama da shi yau madatsar ruwa ce da aka yi a farkon shekarun 1980 don shayar da sabon birni, kafin madatsar Usuma ta karɓi aikin. Wata safiya sai a ga an jibge bulo da yashi a tsakiyar fili, yara su matsa zuwa na gaba. Shekara na zagayowa a kewaye wannan ma da kwano. Haka suka yi ta matsawa har aka wayi gari babu na gaba. A 2015, lokacin da aka buɗe Jabi Lake Mall a bakin tafki, kowane taƙi na ƙasa a unguwar ya riga ya yi tsadar da ba wanda zai bar wa yara.

Ban ga laifin mutumin da ya gina fulotinsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne da filayen aro suka ƙare, ba a sami na gaskiya a madadinsu ba, alhali waɗanda suka zana Abuja sun yi tanadi. Taswirar birnin ta 1979 ta tsara kowace ƙaramar unguwa da makarantar firamarenta, a nisan da yaro zai iya zuwa da ƙafa, ta kuma bar korayen wurare a bakin rafuka da tsakanin unguwanni. Da yawa daga cikin korayen wuraren nan yau sun koma wajen gasa kifi, ko zauren biki, ko wajen wankin mota. Na manya ne, kuma da kuɗi ake shiga.

Mu da muka tashi a Zariya da Katsina da Kano, babu wanda ya taɓa ce mana mu motsa jiki, domin ranar kanta motsi ce. Da asuba a tafi makarantar allo, a dawo a ɗebo ruwa, a taka zuwa firamare, a tashi tara a watse cikin fili kamar ba za a koma aji ba. Akwai safiyar fi'i, wato darasin motsa jiki, malam da usur a wuya, a zagaya fili a yi tsalle a miƙa gaɓoɓi kafin a ɗauki alli. Bayan an tashi ga aike: kai niƙa, sayo kalanzir, kai wa Baba abinci kasuwa. Da dare kuma, in akwai farin wata, dandali.

Ka ɗauki langa kawai. Yaro ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, ya tsaya a kan ɗayar, yana tsalle yana kaucewa yana ture abokin karawa, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Minti biyar a haka sai ka ga gumi na tsiyaya, ƙirji na bugawa. Duk abin da masanan lafiyar yara ke nema yana ciki: ƙarfin cinya da ƙugu, daidaita tsayuwa, saurin ido, numfashi, da dira a ƙasa sau ɗaruruwa. Wannan dirar ba ƙaramin abu ba ce. Ƙashi abu ne mai rai, kuma nauyin da ke sauka a kansa shi ke sa ya ƙara kauri da ƙwari. Kamar rumbu yake, da kaka ake cika shi, kuma kakarsa ita ce yarinta zuwa farkon samartaka. Abin da aka tara a lokacin shi mutum zai yi ta ci har tsufa. 'Yan mata ba a bar su a baya ba. 'Yar gala-gala tsalle ne da ƙafa ɗaya cikin gidajen da aka zana a ƙasa, ga tsallen igiya, ga gaɗa, inda yarinya za ta saki jiki ta faɗa baya ƙawayenta su cafe su cilla ta sama. A nan tana koyon amincewa da mutane tare da ƙarfin jiki. Langa har yanzu tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, tare da dambe da kokawa, amma ka tambayi ɗan aji huɗu a Jabi ko ya taɓa yi, yawanci ko gani bai taɓa yi ba.

To yaya ranar yaron Jabi take yanzu, ina nufin ɗan ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai zama a rukunin gidaje masu katanga da maigadi? Kafin bakwai yana cikin mota. Daga ƙofar mota zuwa ƙofar aji taku kaɗan ne. Zai zauna har biyu, sannan a ce akwai lesin zuwa uku da rabi ko huɗu. Mota ta ɗauke shi, ya ci abinci a gurguje ya sauya kaya, ta kai shi Islamiyya, ya sake zama har kusan magariba. Bayan isha'i ga aikin gida, shafi biyu na lissafi, shafi biyu na Turanci. In ya rage 'yan mintoci, waya ce ko katun. Ka lissafa da kyau za ka ga yaro ɗan shekara takwas ya shafe awa goma ko fiye a zaune, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka zaunar da shi da ya nufe shi da sharri. Kowa alheri yake nema masa: malamin boko, malamin Islamiyya, uwa da uba.

Makarantun kuɗi da dama a Jabi da Utako da Gwarinpa gidajen zama ne aka mayar makaranta. Falo ya zama aji, ɗakin baƙi ya zama ofishin hedimasta, wurin ajiye motoci da aka shimfiɗa wa intalok shi ne filin wasa, da lilo ɗaya na 'yan nazare a kusurwa. Wanda ya yi gudu a kan intalok ya faɗi, gwiwa ce za ta yage, saboda haka dokar ita ce ba a gudu. Tara ta koma lokacin buɗe kwanon abinci a kan tebur. Darasin motsa jiki kuwa ya koma cikin littafi. A manhajar firamare da aka fara aiki da ita a 2014 an cusa shi ƙarƙashin darasin kimiyya da fasaha, tare da kwamfuta, kuma a makarantar da ba ta da fili wannan ya sauƙaƙa mayar da shi rubutu zalla. Na ga littafin wani ɗan ɗan'uwana, ya zana filin ƙwallon hannu da awonsa daidai, ya jera dokokin wasan, malama ta ba shi maki cikakke. Na tambaye shi ko sun taɓa bugawa, ya ce, “A'a Kawu, ba mu da wuri.” Sau ɗaya a shekara akan yi hayar fili don gasar wasannin gidaje, a sayi riguna masu launi, a yi fareti, iyaye su ɗauki hoto. Rana ce mai daɗi, amma jikin yaro ba ya ajiye motsin rana ɗaya ya ci shekara da shi.

Masu makarantu suna da tasu hujja, kuma ba ƙarya suke yi ba. Iyaye idan sun zo duba makaranta sakamakon jarrabawa suke tambaya, da na'urar sanyaya ɗaki, da kyamarar tsaro, da motar ɗaukar yara. Da wuya ka ji wanda ya ce a nuna masa inda yara ke gudu. Ranar da yaro ya koma gida da ƙujewa kuwa, kafin magariba wayar hedimasta ta yi ƙara. Abin da ake saye shi ake kasawa.

Sai tsoro, wanda ba zan raina shi ba. Uwar da ta ji labarin yaran Islamiyyar Tegina da aka kwashe a 2021, ko na Kuriga a 2024, ba za ta saki ɗanta ya bi titi shi kaɗai don wani ya ce tafiya na da amfani ba. A Yulin 2022 an rufe makarantu a Abuja kafin lokacin hutu saboda barazanar tsaro, a Oktoban shekarar kuma shi kansa Jabi Lake Mall ya rufe ƙofofinsa na wasu kwanaki. Ko an ajiye batun masu garkuwa, wa zai bar ɗan shekara bakwai ya tsallaka titin Obafemi Awolowo da safe? Yaro ya ce, “Mami, in fita waje?” ta ce, “A'a, zauna ka kalli katun.” A ranta ta tsare shi ne, kuma daga wani haɗarin ta tsare shin. Annobar korona ta ƙara ɗaure abin. Da aka rufe makarantu a Maris 2020, iyaye da hannunsu suka miƙa wa yara waya don karatu, aka buɗe makarantu wayar ba ta koma ba.

Amma Jabi ba ɗaya ba ce. Ka bar manyan tituna ka shiga Dakibiyu, ko lungunan da ke bayan tashar mota, za ka ga yaran da matsalarsu ba zama ba ce. Suna takawa zuwa makarantar gwamnati su dawo, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 masu takawar sun ƙaru. Suna ɗaukar jarka, suna tallan fiya wata da gyaɗa a tsakanin motoci. Wanda ya dubi ƙafafunsu kaɗai zai ce ai waɗannan sun gama samun motsa jiki. Ni ban yarda ba. Yarinyar da ta wuni da tire a ka cikin rana da hayaƙin mota, ba ta karya ba, gajiya take tarawa, ba ƙarfi ba. Motsi yana gina jiki ne idan akwai abin da za a gina shi da shi. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma waɗannan yaran su ne ke shiga aji ɗaya. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 ya yi ta tangal-tangal. A unguwa guda ke nan, katanga ɗaya tsakani, wani yaro ƙiba na kama shi, wani kuma bai kai tsawon shekarunsa ba. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne dukansu an raba su da wasa: wancan karatu da tsoro suka cinye lokacinsa, wannan kuwa neman abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai ɗaga numfashinsa, kuma aƙalla kwana 3 a mako a haɗa da mai ƙarfi, irin wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Awa ɗaya tak, kuma ba sai a jere ba. Binciken da masanan hukumar suka wallafa a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya gano kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samunta. Ƙiba fiye da kima a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 19 a duniya ta tashi daga kashi 8 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 20 a 2022. Mu a nan muna yi wa abin kallon ciwon Turawa, har mukan yaba, a ce yaro ya yi ɓul-ɓul, hutu ya karɓe shi. Amma tsokar da ke aiki ita ke zuƙe suga daga jini, wadda ke zaune kuwa ba ta yi sosai, sai abin ya taru a hankali. Ka haɗa wannan da lemon kwalba da biskit da ke cikin kwandon abincin makaranta kullum. Harajin naira 10 a kan kowace lita da aka ɗora wa lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021 bai hana mutane ci gaba da saye ba.

Akwai kuma ido, wanda ba a cika dangantawa da wasa ba. Duk wanda ya tsaya a ƙofar makarantar kuɗi lokacin tashi ya lura da yawan ƙananan yara masu gilashi. Wani ɓangare na wannan alheri ne, domin yanzu ana gwada ido, da kuwa sai a ce yaro daƙiƙi ne alhali allo ne ba ya gani. Amma akwai sauran bayani. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar karatu, aka bi su shekara uku. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 nasu ne suka kamu da rashin gani daga nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Idon da ke girma yana buƙatar hasken waje da hangen nesa. Hasken rana dai Allah ya hore mana shi a Abuja, mu ne muka sa labule.

'Yan mata sun fi cutuwa. A binciken nan na 2019 kashi 85 cikin 100 na mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza kashi 78. A wajenmu ba sai an kawo alƙaluma ba: yarinya na kai aji biyar za a fara ce mata ta girma, ta daina tsalle-tsalle, ta kama kanta. Yayanta zai iya sulalewa ya nemi inda ake ƙwallo, ita kuwa daga aji sai kicin. Kuma shekarun nan ne daidai lokacin da ƙashinta ke tara abin da zai ɗauki ciki da goyo nan gaba. Kunya da sutura ba su hana gudu ba, in an ba yara mata wurinsu da malamarsu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ina ganin Islamiyyunmu, waɗanda ke riƙe da yaranmu a mafi kyawun sa'o'in yamma, su ne suka fi cancanta su fara ware minti ashirin bayan sallar la'asar, maza gefe mata gefe, kafin a buɗe Alƙur'ani. Yaron da ya yi gudu ya sha ruwa ya fi zama lafiya a kan hadda.

Ranar Asabar da sassafe bakin Tafkin Jabi yakan cika maƙil. Alhazai da hajiyoyi cikin kayan motsa jiki, wasu na sassarfa, wasu na bin mai koyarwa da kiɗa, wasu na tafiya da carbi a hannu. Ka tsaya ka gaisa da mutum, sau da yawa zancen ɗaya ne: likita ne ya ce, jini ya hau, suga ya hau, gwiwa ta fara ciwo. Ina jin daɗin ganin wannan taro ƙwarai. Sai dai mafi yawanmu da ke wurin mun yi yarinta a guje, zaman ofis da mota na shekara ashirin ne ya kai mu ga likita. Yaran da muka baro a gida suna barci, ko muka sauke a lesin ɗin Asabar, tun suna shekara biyar suka fara nasu zaman. Wannan lissafin ne ke hana ni sakewa.

Ba na cewa a da komai daidai ne. An yi amfani da motsi wajen horo, tsallen kwaɗo da kamun kunne da zagaya fili cikin rana, har wasu suka tashi suna ƙin gudu saboda a wurinsu alamar laifi ne. An tilasta wa masu sikila da masu asma abin da jikinsu ba zai ɗauka ba, aka kira su ragwaye. Wankan rafi ya sa wa da yawa tsargiya. Yau mun fi sanin waɗannan, kuma malamin da zai fitar da yara fili dole ya san wa ke da sikila, ya tanadi ruwan sha, ya guji tsakar ranar Maris da Afrilu da safiyar da ƙurar hunturu ta yi kauri.

Abin da ake buƙata bai kai tsadar da ake zato ba. A 2012 wata shugabar firamare a garin Stirling na Sikotland, Elaine Wyllie, ta ga ɗalibanta ba sa iya zagaya fili ba tare da haki ba, sai ta sa kowane aji ya riƙa fita minti 15 kullum, da kayan makarantarsu, mai gudu ya yi gudu mai tafiya ya yi tafiya. Dubban makarantu a ƙasashe da dama sun ɗauka. Mu muna da abin da ya fi wannan daɗi a wurin yaro. Langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya ba sa neman babban fili. A cire intalok a kusurwa ɗaya a zuba yashi, an gama. A mayar wa tara mutuncinta, a fitar da yara daga aji ko ba sa so. Iyayen da ke rukunin gida ɗaya su yi karɓa-karɓa, yau wannan ya zauna a ƙofa gobe wancan, a tsayar da motoci awa ɗaya yara su hau keke. Mai neman wa ɗansa makaranta kuma, bayan ya ga aji da ɗakin kwamfuta, ya ce, “Malama, a nuna mini inda suke wasa, kuma sau nawa suke fita a mako?” In masu tambayar suka yi yawa, masu makarantu za su nemo fili.

Filin da ya rage na gaske yana hannun makarantun firamare na gwamnati. Duk da cunkoson aji da rufin da ke yoyo, da yawansu a Abuja har yanzu suna da sararin da makarantar kuɗi ba ta mafarkin samu, kuma idon masu neman fuloti da masu son jera shaguna yana kansa. Hukumar birnin tarayya da ƙaramar hukumar birni su tabbatar kowane irin wannan fili yana da takardarsa da katangarsa, kada a yanki ko taƙi ɗaya. Sannan a buɗe shi bayan tashi da ranakun Asabar ga duk yaran unguwa, na rukunin gidaje da na Dakibiyu, makarantun kuɗin da ba su da fili su biya wani abu su riƙa kawo nasu a cikin mako. Kuɗin ya isa a biya maigadi da malamin wasanni, a ja famfon ruwan sha, a gina makewayi na 'yan mata daban.